Sisi, Fataka da Fam

Dauda da Rahila, wannan babin naku ne, kuma ba haƙuri zan ba ku a cikinsa ba. Na san abin da aka riƙa faɗa a kaina bayan babanku ya kwanta, na kuma san har yau akwai gidaje a Plumstead da in an ambaci Hannatu matar Bulus sai a rage murya a ce, ai ita ce ta mai da falonta gidan caca mijinta na kan keken guragu. Rabin maganar gaskiya ne. An yi karta a falona, an sa kuɗi, ni na sayo kwabban wasan da hannuna, ni kuma na yanke wa kowannensu darajarsa. Abin da ba a gaya muku ba shi ne dalili, domin masu ba da labarin ba su taɓa zama da mu ranar Talata da tsakar rana ba, lokacin da babu kowa a flat ɗin sai ni da shi da gurnanin firji.

Ku kun tashi kun ga babanku akanta ne mai ɗaura taye, mai rubuta wa council wasiƙa da Turancin da sai sun nemi ƙamus. Ni ba haka na same shi ba. Ina koyon aikin jinya a Wusasa na fara ganinsa ta tagar sayar da tikiti a tashar jirgin ƙasa ta Zariya, siririn saurayi mai hula a karkace, yana ba da canji da hannu biyu bai ko kallon kuɗin. Lokacin ba a yi naira ba, da sule da sisi ake ciniki. Daga nan aiki ya yi ta yawo da mu. Mun zauna a Maraɗi, inda na koyi Faransanci a ɗakin haihuwa, mun zauna a Tarabulus ta Libiya, inda na koyi Larabci a bakin tsofaffin mata, kafin mu zo nan. A Tarabulus ne 'yan Italiya da Kwarori, Larabawan Lebanon, da yake yi wa lissafi a kamfanin gine-gine suka koya masa wasan kartar nan da ake kira foka. Wasa ne da ba lallai mai kati mai kyau ya ci ba, wanda ya iya burga ya tsorata 'yan'uwansa har suka ajiye nasu shi ma yakan kwashe. Babanku bai sha giya ba, bai sha taba ba, bai taɓa barinmu da yunwa ba. Wannan wasan ne kaɗai abin shaƙatawarsa, kuma ya iya shi, domin Allah ya ba shi fuskar da ba a karanta ta.

Ciwon ya same shi da safe yana ɗaura igiyar takalmi. Ya shanye masa ɓarin dama, ya kuma tafi da Turancinsa kaf. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana gardama da Turanci ya koma ko ruwa ba ya iya roƙa da shi. Hausa ce ta rage, ita ma guntu-guntu, kalma ɗaya yau, biyu jibi. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san hakan na faruwa, amma sanin abu a asibiti daban, ganinsa a kan gadonka daban.

Na ga yadda mutane iri-iri suke yi da marar lafiya. Larabawan Tarabulus sukan kewaye shi da surutu da shayi har ya rasa inda zai sa kansa, amma ba ya kaɗaici. Turawan nan sukan aiko masa da carer a kan lokaci, a wanke shi, a juya shi, a tambaye shi yadda ya kwana da irin muryar da ake yi wa jariri, a tafi. Mu kuwa namu salon shi ne mu cika gida a watan farko, takalma har bakin matakala, kowa da kular abinci da addu'a, a ce sannu Baba, Allah ya ƙara sauƙi. Wata na biyu sai waya. Wata na uku sai saƙon gaisuwa ta bakin wani. Ba mugunta ba ce, London ce, kowa na bin shift ɗinsa. Amma har waɗanda suke zuwan, ba wurinsa suke zuwa ba. A kansa suke tsayawa su tambaye ni, ya ci abinci, ya yi barci, yana kallonsu da ido.

Aka samo masa wuri a wata cibiyar yini ta tsofaffi, mota na zuwa ɗaukarsa. Mutanen kirki ne, ba zan yi musu ƙarya ba. Wata rana aka dawo da shi hannunsa na hagu a dunƙule, matar da ta rako shi tana murna tana ce mini ya ci gasar wasan lambobi, an ba shi kyauta. Da ta fita na buɗe hannun, sai ga alewa guda a leda mai ƙyalli. Ya dube ni, ya dubi alewar, ya yi jifa da ita ta daki talabijin. Daga ranar bai sake shiga motar nan ba. Ya ƙi aski, ya fara ture kwano, ya mai da fuskarsa bango. Na yi jinya shekaru da yawa, na san kamannin mutumin da ya yanke shawarar tafiya. Ba ciwon ne zai kashe shi ba. An mai da shi yaro, shi kuma bai ga abin da zai zauna yi a duniya yana yaro ba.

Dauda, kai ne ka fara tunanin karta, kuma ban taɓa hana ka wannan yabon ba. Ka zo da akwatin ƙarfe mai sheƙi da ka yi oda, cike da kwabban roba kala biyar, kowanne an buga masa lamba, daga ɗaya har ɗari biyar. Ka ce a yi wasa ba kuɗi, don nishaɗi kawai. Ka zauna kai da matarka da ni. Ya ɗauki kwabo ɗaya ya ƙura wa lambar ido, na ga ba ta ce masa komai ba, kamar an nuna masa rubutun Sinawa. Ga su da santsi, ba nauyi, suna zille masa daga yatsu. Duk wanda ya tura sai ku ajiye katinku ku tafa masa.

“Well done, Dad! Ka cinye mu!”

A zagaye na uku ya sa hannu ya share teburin gaba ɗaya. Mun yi mako muna tsinto jan kwabo a ƙarƙashin kujera. Kai ka tafi ranka a ɓace kana cewa ƙwaƙwalwarsa ba za ta ɗauka ba. Ni kuwa na ga idonsa, ba ruɗewa kaɗai ke ciki ba, har da fushi. Ya gane sarai kuna bar masa ne, alewar nan ce dai aka sake miƙo masa a akwatin ƙarfe.

Bayan 'yan kwanaki na dawo daga kasuwar Woolwich na zazzage canjina a kan tiren da ke gabansa ina neman makulli. Ɗan ƙaramin kwabon nan na fens biyar ya gangara ya tsaya a jikin hannunsa. Ya danne shi da yatsa.

“Sisi,” in ji shi.

Na tsaya da jaka a hannu. Na ja kujera na zauna, na yi kamar ba wani abu ba.

“Baban Dauda, sisi nawa ne a fataka?”

“Huɗu.”

“Fataka nawa ne fam?”

Ya yi mini wani kallo irin wanda yake yi wa fasinjan da ya zo da gardama a tagar tikiti.

“Goma. Haba, Hanne.”

Tun da ya faɗi bai kira sunana ba sai ranar. Ban yi kuka a gabansa ba, na shiga kicin na kunna famfo. Ciwon ya ɗauke akanta, amma bai taɓa yaron tashar Zariya ba. Kuɗin da, na zamanin sule, suna nan a kansa daram, babu wanda ya motsa.

Washegari na hau jirgin ƙasa na je wani shagon kayan wasanni a wajen Whitechapel, na wani dattijo Baturke. Na ce masa kwabban foka nake so, masu nauyi, waɗanda hannu ɗaya zai ji su, kuma kada a ga lamba ko ɗaya a jikinsu. Ya ce kala nawa. Na ce uku, fari da ja da shuɗi, don su ne ba sa rikita ido. Ya ce mutane na sayen biyar. Na ce mutanen ba su da mijina. Ya tambaye ni nawa za a riƙa sawa, na gaya masa yadda na tsara: farin shi ne sisi, fens biyar, jan shi ne fataka, fens ashirin, sisi huɗu ke nan, shuɗin shi ne fam, fataka goma, wato fam biyu na Ingila. Ya ɗaga gira ya ce tazarar ja da shuɗi ta yi faɗi, yawanci ninki huɗu ko biyar ake so tsakanin kala da kala. Na ce na ji, amma lissafin ba nawa ba ne, kuma ba zan gyara wa mai shi ba. Ya yi dariya ya ce to in ƙara yawan ja, tunda shi zai riƙa aiki, in cika fari, shuɗi kuwa kaɗan ya isa. Wannan na riga na sani tun a kasuwar Maraɗi: mai tebur da ba ta da ƙananan canji, ciniki wuce ta yake yi. Da zan biya ya ɗora baƙaƙe guda goma a kai ya ce kyauta, ko wata rana wasan zai girma. Na mayar masa da su. Na ce ba zai girma ba.

Ku fahimci wannan, domin nan ne duk maganar take. Na ga abin da caca take yi. A Maraɗi na ga ɗan kasuwa ya tashi daga tabarma ba shi da motar da ya zo da ita. A titinmu na nan ina ganin samarinmu suna shiga shagunan nan masu injuna da albashin wata su fito da aljihu a zazzage. Ba wanda zai koya mini tsoronta. Abin da na zauna na auna shi ne adadin da in mutum ya rasa zai ji zafi, ya koma gida yana tsaki, amma ba zai taɓa kuɗin haya ko na wuta ba. Na tsaya a fam goma na Ingila, kuɗin kifi da doya na mako, wanda a bakin babanku fam biyar ne. In ya ƙare maka kana iya sake saye sau ɗaya, daga nan sai ka koma ɗan kallo. Ƙasa da haka wasan yara ne, babanku zai gane. Sama da haka kuwa, masu zagina sun yi gaskiya ke nan.

Na kira mutum uku. Akwai Likita Garba, wanda yake zuwa tun daga Tottenham, ya girme ku amma ɗa ne a wurin babanku. Akwai Yakubu ɗan Kafanchan, mai aikin gadi a wani kanti. Sai Isaka, tsohon direban bas, mutumin zangon Kumasi, wanda suka yi shekaru suna faɗan ƙwallo da babanku. Isaka Musulmi ne, ya ce shi ba zai sa ko kwabo ba, amma zai raba kati tunda mai gida hannu ɗaya gare shi. Ban ja da shi ba, shi ma bai ja da ni ba. Ni ce ta huɗu a masu zubi. Na kifa burushin goge takalmi a gaban babanku, ana soke masa katinsa biyar a cikin gashin, ba mai gani sai shi. Muka sa Asabar, bayan azahar ɗin Isaka, a tashi kafin magariba. Kafin a fara na ja su kicin na ba su doka ɗaya.

“Duk wanda ya tausaya masa ya ajiye kati mai kyau, ya ci tuwona na ƙarshe.”

“Sista, kai mugu ne,” in ji Isaka, da Hausarsa ta Kumasi da ba ta raba mace da namiji. “Mutum yana ciwo kai ya ce a yanka shi?”

“In kun iya. Ku dai ku yi ta kanku.”

Likita ya juya shuɗin kwabo a hannu ya ce, “Mama, yanzu wannan fam ne amma fam biyu ne? Ni fa kaina ya kulle.”

“Kai ka yi karatu, ka koya. Shi ya riga ya iya.”

Asabar ta farko babanku ya yi ta jinkiri, yana taɓa kowane kwabo kafin ya tura. Ta uku ya fara cewa “na bi” da “ƙara biyu”. Ya yarda aka yi masa aski. Yakubu, wanda da farko yake durƙusawa ya gaishe shi kamar a gaban gawa, ya koma shigowa yana cewa, tsoho, yau sai na kwashe fatakun nan naka. Likita ya yi ta mita wai wasan ya yi arha, a shigo da baƙin kwabo na fam ashirin ko jini ya motsa. Na ce masa ya dubi Yakubu ya sake faɗa. A teburin nan mai gadi da likita tsibi ɗaya suke farawa da shi, ranar da baƙin kwabo ya shigo, Yakubu ya fita, bayansa kuma babanku. Bai sake tayar da maganar ba.

Magana ba ta daɗe ba ta kai coci. Rahila, ke kika fara bugo mini.

“Mum, people are talking. Wai an ce kina karɓar kuɗi a hannun maza a gida.”

“Ina karɓa in na ci. Makon jiya Yakubu ne ya karɓi nawa.”

Kika kashe wayar. Ban riƙe ki ba, kunya kika ji, kuma kunyar ba ke kika ƙirƙire ta ba. Bayanki sai Mama Laraba, shugabar zumuntar matan cocinmu. Ku tuna matsayina a wurin: shekara da shekaru ni ke ba da waƙa mata su amsa, a biki da jana'iza da taron shekara. Laraba ƙawata ce, tare muka yi ta dafa shinkafar bukukuwan 'ya'yan mutane. Ta ce ita ba ta hana a ɗebe wa Baba kewa ba, amma a cire kuɗin, a yi da wake ko tsinken ashana, kowa ya huta. Na ce mata an gwada, ya share tebur. Ta ce to a gaya masa da kuɗi ne, in an tashi a mayar wa kowa nasa a ɓoye. Na ce shekara hamsin ban yi wa mutumin nan wayo ba, ba zan fara don ya rasa bakin kama ni ba.

Asabar ta gaba sai ga ta da mata biyu, cikin zanen zumunta, da littafin waƙa a hannu. Sun san ranar, sun san lokacin, da gangan suka zo. Na ba su kujera da lemo, na ce in addu'a ce a bari a gama wannan zagayen. Suka zauna a jere a kan doguwar kujera, jakunkuna a cinya. Yakubu ya rasa inda zai sa idonsa, ya ajiye katinsa tun ba a je ko'ina ba. Ni ma nawa ba su da kyau, na fita. Ya rage Likita da babanku. Babanku ya tura fataka biyu, Likita ya ƙara, babanku ya dubi burushinsa, ya dubi matan nan uku ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sa bayan hannunsa ya tura duk abin da ke gabansa tsakiyar tebur, fari da ja da shuɗi.

“Duka,” in ji shi.

Likita ya fara gumi. Ya dubi katinsa, ya dubi Mama Laraba, ya dube ni. Na san abin da ke ransa: in ya ajiye, tsoho ya ci a gaban baƙi, kowa ya yi murmushi, a ce ai ga shi ana faranta masa. Na dai dubi ƙofar kicin, inda tukunyar miyar kuka take.

“Na bi, Baba,” in ji Likita, murya ƙasa-ƙasa.

Ya buɗe sarakuna biyu. Isaka ya zare katin babanku daga burushi ya shimfiɗa. Babu komai a ciki, ko biyu masu kama da juna babu. Burga ce tsagwaronta, irin wadda ya riƙa yi wa 'yan Italiya, wannan karon kuma an kama shi.

“Wayyo Yesu!” in ji Mama Laraba, ta miƙe. “A gabanmu! Likita guda, ka cinye kuɗin mutumin da ko cokali ba ya iya riƙewa? Hannatu, kina zaune kina kallo?”

Kunya ta rufe Likita. Ya sa hannu biyu ya fara mayar da tsibin gaban babanku.

“Baba, wasa ne ai. Riƙe abinka, don Allah.”

In kwabban nan suka koma, komai ya koma, har mai da fuska bango. Na buɗe baki ke nan sai na ga hannun hagun babanku ya sauka a wuyan hannun Likita ya damƙe. Ban san da sauran ƙarfi haka a jikinsa ba. Ya tura hannun da kwabban gaba ɗaya baya.

“Naka ne,” in ji shi. Ya yi ta kokawa da bakinsa, muna jira, har kalmar ta fito. “Ɓarawo.”

Sai ya yi dariya. Rabin bakinsa ne ya yi ta, miyau na zuba, kafaɗarsa ɗaya na rawa, amma dariyar Bulus ce, wadda na ji ta tagar tikiti. Isaka ya buga tebur yana cewa, wallahi tsohon nan ɗan iska ne, ba komai a hannunsa ya so ya kashe likita da tsoro. Babanku ya juyo gare ni.

“Hanne. Walat.”

Na ɗauko masa ban buɗe ba. Ya danne ta da haɓa, ya zaro takardar fam goma da yatsu biyu, ya ajiye a gabana.

“Fam biyar. Isaka, raba.”

Mama Laraba ta ce in biyo ta baranda. Ta ce ta ga abin da ta gani, kuma ba za ta iya tsayawa gaban mata ta ce ba ta gani ba. Ko in kwashe kayan nan yau, ko in ajiye waƙa har sai na tuba.

“Laraba,” na ce, “wata nawa rabonki da gidan nan?”

“Ba wannan muke magana ba.”

“Shi muke magana. Da kika shigo, kin gaishe shi ko ni kika tambaya ya jikinsa? Mutanen nan da kike kira 'yan caca su kaɗai ne a garin nan suke zaginsa ya rama. Kin ji ya ce ɓarawo? Wata shida ina roƙon Allah ya ba shi kalma, yau ya ba shi, ban kuma ce sai mai tsarki ba.”

“To kin zaɓa ke nan.”

“Tun a shagon Baturke na zaɓa. Ku tsaya ku ci tuwo.”

Ba su ci ba.

Ban sake ba da waƙa ba. Kada wani ya ce muku abin bai dame ni ba. Muryata ita ce abin da na zo da shi daga Wusasa wanda ba a taɓa tambayata takardarsa a kan iyakar kowace ƙasa ba. Ban bar coci ba, ban kuma je na yi musu da kowa a kan Littafi ba, don ban ce na fi su sani ba. Na koma layin baya na zauna, ina amsawa tare da kowa. An aiko mini sau da yawa cewa kalma ɗaya ta isa, in ce na yi kuskure a mayar da ni. Na ce ba ni da ita. Shekara huɗu babanku ya ƙara a duniya, kuma ranar jana'izarsa wata yarinya ce ta ba da waƙar da na saba bayarwa. Ta ɗauko ta sama da yawa, mata suka kasa kai wa. Na ji, na san gyaran, na yi shiru. Wannan shi ne kuɗin da na biya, na kuma biya shi da idona biyu.

Kwabban suna saman kwabata a cikin gwangwanin biskit, da burushin. In na tafi kada ku kai su shagon sadaka, kada kuma wani ya ɗauki alƙalami ya rubuta musu lamba. Wanda duk ya ce muku an cinye wa babanku kuɗi a falonsa yana kan keken guragu, ku ce masa ƙwarai, an cinye, ba sau ɗaya ba, kuma uwarmu tana zaune tana kallo. Sannan ku ba shi labarin Asabar ɗin da ta biyo bayan zuwan su Laraba. Tun da safe ya tashe ni da bugun sanda a jikin gado. Ya sa na yi masa aski, ya ƙi rigar da na ɗauko ya nuna mai maɓalli, ya sa na karkata masa hula. Ya ci ƙosai ya nemi ƙari. Tun kafin azahar ya sa na tura shi bakin taga, walat a cinya, duk motar da ta tsaya sai ya miƙa wuya.

“Likita ya zo?”

“Bai zo ba tukuna, Baban Dauda.”

“Tsoro,” in ji shi.

Likita ya zo. Kafin magariba babanku ya kwashe masa fam uku da fataka shida, ya sa na canza masa su a gabansa, ya cusa a aljihun gaba ya danne da tafin hannu. Bai mayar masa da ko sisi ba.